Kwamfuta cikin kwamfuta: mu yi tunani kafin mu zubar da tsofaffin na'urorinmu

Ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga manhajar Windows 10, wato ya daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro na kyauta waɗanda ya saba aikowa wata-wata tun fitowarta a 2015. Labarin bai tayar da ƙura ba a nan Yamai, domin washegari kowa ya kunna na'urarsa ta tashi lami lafiya: sakatare ya buga wasiƙarsa, mai shago ya yi lissafinsa, mu ma a gidajen rediyo muka haɗa shirye-shiryenmu kamar kullum. Amma duk wanda ya san kan abin ya san cewa daga wannan rana, duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano a jikin manhajar haka za ta zauna a buɗe, babu mai zuwa ya toshe ta. Gaskiya ne kamfanin ya bar wata ƴar kafa ta ƙarin wa'adi zuwa Oktoban 2026 ga wanda ya yi rajista, to amma wannan jinkiri ne kawai, kuma kaɗan ne daga cikinmu suka ma ji labarinsa.

Shawarar da kamfanin ya bayar ita ce kowa ya koma Windows 11. Faɗar haka da baki ba wuya. Ita Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, ba ta yarda ta zauna a kan kowace na'ura ba. Tana neman wani ɗan guntun ƙarfe na tsaro da ake kira TPM 2.0, tana kuma neman injin da bai tsufa ba, ta yadda akasarin na'urorin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharuɗɗanta ba. To mai karatu ya leƙa biro-biro na gwamnati, da makarantu, da wuraren buga takardu na bakin hanya, da gidajen rediyon karkara, ya ƙirga na'ura nawa ce aka sayo sabuwa fil a cikin kwalinta. Mafi yawan abin da ke hannunmu gwanjo ne, wanda ya gama aikinsa a Turai ko Amurka kafin ya tsallako mana. Lasisin Windows 11 kaɗai, na amfanin gida, a Faransa yana kai Yuro 145, kusan jikka 95 ke nan na kuɗin sefa, alhali albashi mafi ƙanƙanta a ƙasar nan tun Janairun 2024 jikka 42 ne. Ma'aikaci zai yi aikin fiye da wata biyu don takardar izini kawai, ba a ma zo maganar kuɗin na'urar ba.

Don haka muka saba bin hanya ta biyu, wadda kowa ya sani amma ba a cika faɗa ba. Ana kai na'ura wurin mai gyara, ya zuba mata Windows ta sata, ya kashe mata hanyar karɓar gyare-gyare don kada a gano, a biya shi ɗan abin da ya samu, kowa ya kama gabansa. Daga nan sai kile ya riƙa yawo daga wannan na'ura zuwa waccan yana raba birus kamar goron biki. Wanene a cikinmu bai taɓa sa kile ba, ya tarar duk takardunsa sun ɓace sai inuwarsu? A watan Mayun 2017 wani birus mai suna WannaCry ya kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, yana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Abin lura shi ne, Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris na shekarar, waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su karɓi gyaran ba. Idan haka ta faru da ƙasar da ke da kuɗi da ƙwararru, me muke tsammani ga na'urar da aka toshe mata hanyar gyara da gangan? Gani ga wane, in ji masu iya magana, ya ishi wane tsoron Allah.

Akwai hanya ta uku, ita ce muke so mu yi magana a kanta yau. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ba Windows ce kaɗai ba. Akwai Linux, wadda wani ɗalibin jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya soma a 1991, wadda kuma kowa yana da izinin ɗauka, ya yi amfani da ita, ya raba wa wasu, ba tare da biyan ko dala ba. Ɗaya daga cikin sanannun nau'o'inta, Ubuntu, wani ɗan Afirka ta Kudu ne, Mark Shuttleworth, ya ƙaddamar da ita a 2004. Akwai nau'o'i marasa nauyi waɗanda ke gudu da kyau a kan na'urar da ta shekara goma, suna kuma ci gaba da karɓar gyaran tsaro. Buga takarda, lissafi, shiga intanet, yanka murya da Audacity, duk ana yin su a ciki. Amma duk lokacin da aka kawo wannan magana, amsar da ake samu ɗaya ce, kuma amsa ce mai hujja: "Muna da wata manhaja guda da ba ta aiki sai a kan Windows." A wurin akanta, manhajar lissafin kuɗi ce. A wurin mai buga takardu, tsohuwar na'urar buga takarda ce da ba ta jin yaren kowa sai na Windows XP. A wurinmu ƴan rediyo, manhajar haɗa sauti ce da hannun ma'aikata ya saba da ita shekara da shekaru. Saboda wannan manhaja guda ake ajiye dukan gida cikin haɗari.

A nan ne dabarar kwamfuta cikin kwamfuta ke shigowa. Bayaninta ba shi da wuya. Akwai manhajar da aikinta shi ne ta yanki wani ɓangare na ƙarfin na'urarka, wato ɗan kaso na ƙwaƙwalwar aiki, da na rumbun ajiya, da na inji, ta haɗa su ta yi wata kwamfuta ta biyu wadda ba ta da jiki, sai dai tana bayyana a cikin taga a kan allonka. A cikin wannan taga kana iya zuba wata babbar manhaja dabam, ita kuma ta zauna tana aiki tana ɗaukar cewa na'ura ce sukutum aka ba ta. Masana abin da kansu da sunan mai masauki da baƙo suke kiran su, kuma sunan ya dace. Mai masauki shi ke da gida, shi ke riƙe da makullin ƙofar waje. Baƙo an ba shi ɗaki guda, yana ci yana sha a ciki, amma ba ya shiga sauran ɗakuna sai da izini. Idan baƙon ya kamu da ciwo, a mafi yawan lokuta ciwon a ɗakinsa yake tsayawa. Idan an gaji da shi, a rufe taga, shi ke nan.

Kada wani ya ɗauka sabon abu ne da ba a gwada ba. Kamfanin IBM ya soma raba babbar kwamfuta guda zuwa ƙanana masu yawa tun cikin shekarun 1960, ya kuma fitar da tsarin kasuwa a 1972. Kamfanin VMware ya kawo dabarar kan kwamfutar tebur a 1999. Daga 2005 da 2006 kamfanonin Intel da AMD suka soma gina taimakon wannan aiki a cikin injinansu, abin da ke nufin cewa yawancin gwanjon da ke hannunmu suna da shi, sai dai sau da yawa a kashe yake, sai an shiga saitin farko na na'urar an kunna. Manhajar VirtualBox, wadda wani kamfanin Jamus ya saki kyauta a 2007, wadda kuma ta koma hannun Oracle a 2010, tana aiki a kan Windows da Linux duka. Ita kanta Linux tana da nata a ciki, mai suna KVM, tun 2007. VMware Workstation, wadda a da sai an biya, ta zama kyauta ga kowa a ƙarshen 2024. Microsoft da kansa ya yi amfani da wannan dabara a 2009, lokacin da ya fitar da Windows 7 ya ga kamfanoni sun ƙi rabuwa da tsofaffin manhajojinsu: sai ya ba su Windows XP a cikin taga. Ke nan babu wanda zai ce mana haramtacciyar hanya ce ko wasan yara.

Mu ɗauki misalin gidan rediyo, tunda shi muka fi sani. A ce akwai na'urar haɗa shiri wadda ba za ta ɗauki Windows 11 ba. Sai a zuba mata Linux a matsayin mai masauki, ta nan za a riƙa shiga intanet, a karɓi saƙo, a buɗe kilen da wakili ya kawo daga Tawa ko Damagaram. A cikinta sai a buɗe ɗakin baƙo, a zuba tsohuwar Windows tare da manhajar nan guda da ake ji da ita, sannan a yanke wa baƙon hanyar intanet gaba ɗaya, wanda danna maɓalli guda ne. Tsohuwar Windows da ba ta ganin intanet, ba a kuma cusa mata kowane kile, haɗarinta ya ragu ƙwarai. Akwai kuma wata ni'ima da na'ura ta zahiri ba ta da ita: ana iya ɗaukar hoton halin da baƙon yake ciki ranar da yake lafiya lau, in gobe wani abu ya lalace, a mayar da shi wannan hali cikin minti ɗaya ko biyu, ba sai an nemi mai gyara ya kwana yana sake zubi ba. Bugu da ƙari, dukan kwamfutar baƙon fayil ne da ake iya kwafewa. Idan na'urar ta mutu, a ɗauki fayil ɗin a kai wata na'ura, aiki ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wanda ya taɓa ganin shirin ƙarfe takwas ya gagara fita saboda na'ura ta ƙi tashi ƙarfe bakwai da rabi, ya san darajar wannan.

Dabarar tana aiki ta ɗaya gefen ma. Wanda ke tsoron Linux saboda bai taɓa ganinta ba, ba sai ya goge Windows ɗinsa ba. Ya buɗe ɗakin baƙo, ya zuba Linux a ciki, ya yi wata biyu yana taɓawa, in ta yi masa ya ƙaura, in ba ta yi ba ya share fayil ɗin, bai yi asarar komai ba. Ga ɗalibanmu kuwa abin ya fi haka. Ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni ko na wata makarantar fasaha da ke son koyon haɗa na'urori da tsaronsu, a da sai ya samu ɗaki mai kwamfuta uku ko huɗu. Yau da na'ura guda mai isasshiyar ƙwaƙwalwa zai tayar da baƙi biyu ko uku, ya haɗa su da juna, ya lalata su, ya gyara, ya sake lalatawa, har hannunsa ya faɗa. Kuma manyan rumbunan intanet na duniya, irin na Amazon da Google da Microsoft, da wannan dabara suke yanka manyan na'urorinsu suna ba mutane haya. Yaron da ya iya ta a ɗakinsa a unguwar Talladje ko Boukoki, ya riga ya kama bakin zaren sana'ar da ake nema ko'ina.

Sai dai ba za mu yi wa mai karatu romon baka ba, domin abin yana da iyakarsa. Na farko, baƙo daga tukunyar mai gida yake ci. Na'urar da ke da jiga 4 na ƙwaƙwalwar aiki za ta ɗauki Linux mara nauyi da Windows XP a cikinta ba wahala, tunda XP da rabin jiga ma tana gudu. Amma wanda ke son Windows 10 ta zama baƙuwa, to ya nemi jiga 8, in ba haka ba daga mai gida har baƙo tafiyar hawainiya za su yi. Na biyu, manhaja biyu a lokaci guda suna ƙara wa inji zafi, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankar na'ura. Sai an riƙa buɗewa ana busa ƙura. Na uku, wuta. Ba mu manta da abin da ya faru daga Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke kuran da take sayar mana, wanda a lokacin shi ne kaso mafi tsoka na abin da kamfanin NIGELEC ke rabawa, har zuwa farkon 2024. Ɗaukewar wuta farat ɗaya tana iya lalata fayil ɗin baƙo, don haka wanda zai bi wannan hanya ya tanadi ondilar, wato batirin da ke riƙe na'ura na ƴan mintoci, ya kuma ajiye kwafin fayil ɗin a wani rumbu dabam. Hoton da muka ambata a baya yana zaune ne a rumbu ɗaya da baƙon, in rumbun ya mutu tare za su tafi.

Na huɗu ya shafe mu ƴan rediyo kai tsaye. Sauti yana ɗan jinkiri idan ya bi ta ɗakin baƙo, saboda haka dabarar ta dace da yanka murya da haɗa shiri, amma na'urar da ke fitar da shiri kai tsaye ga masu sauraro gara a bar ta da manhajar da ke zaune a jikinta. Akwai ma manhajojin watsa shiri na kyauta da aka yi don Linux, irin su Rivendell. Na biyar, kuma shi ne wanda ba a son ji: sa Windows a cikin taga ba ya halatta ta sata. Baƙuwar ma tana bukatar lasisinta, kuma lasisin da ya zo manne da na'ura yana da sharuɗɗan da ya kamata a karanta. Ita ma VirtualBox tana da wani ƙarin kunshi wanda kyauta ne ga mai amfanin kansa da makarantu, amma kamfani sai ya biya. Na ƙarshe, idan aka buɗe ƙofa tsakanin baƙo da mai gida don musayar takardu, birus na iya bin wannan ƙofa. A buɗe ƙarama, a sa mata ido.

Wasu za su ce ai ƙaura irin wannan ko Turawa ta gagare su, su kawo misalin birnin Munik na Jamus, wanda ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya kai na'urori kusan 15,000, sannan majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows a 2017. Haka ne, kuma cikin koke-koken da aka yi har da na manhajojin da ba su da madadi. Amma rundunar jandarmomin Faransa ta soma ƙaura zuwa Ubuntu a 2008, sannu a hankali, ta kai dubun-dubatar na'urori. A 2024 kuma jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da ƙaurar na'urori kusan 30,000. Darasin da muka ɗauka shi ne, ƙaura tana yiwuwa idan an horar da mutane, an kuma bar musu hanyar riƙe tsohon kayan aikinsu har su saba da sabo. Ɗakin baƙo shi ne wannan hanya.

Akwai kuma abin da ke tafe da ya kamata mu shirya masa. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 a duniya za su iya zama shara saboda ƙarewar wa'adin Windows 10. Mun san inda irin waɗannan kaya ke ƙarewa. Wasunsu za su sauka a tashoshin ruwan yankinmu, su iso kasuwanninmu da araha. Da yawansu lafiyarsu ƙalau, laifinsu kawai Windows 11 ta ƙi su. Idan muka karɓe su muka zuba musu ta sata kamar yadda muka saba, mun sayo ciwo da kuɗinmu, bayan shekara biyu kuma su ƙare a kasuwar Katako ana fasa su ana neman ƙarfe. Idan kuwa masu gyaranmu sun iya zuba Linux da buɗe ɗakin baƙo, waɗannan na'urori za su yi wa makarantunmu da rediyoyin karkara aiki na shekaru.

Tun 2023 kalmar diyauci ba ta sauka daga bakinmu ba, a rediyo da talabijin da wuraren taro. Muna ganin ya kamata a tambaya ko diyaucin ya kai kan teburin sakatare. Ƙasar da wani kamfani a wata nahiya zai sa rana ya ce na'urorin ma'aikatunta sun tsufa, ita kuma ba ta da abin yi sai ta saya ko ta yi sata, akwai sauran aiki a gabanta. Kayan aro, an ce, ba ya rufe katara. Ba muna cewa a kori Windows daga ƙasa ba, wanda ke da hali ya saya ya yi aikinsa. Muna cewa ne mai gida ya zama mai gida, baƙo ya zauna a ɗakin baƙi.

Saboda haka muna kira ga hukumar ANSI, wadda aka kafa a 2017 don kula da harkar fasahar sadarwa, ta sa a ƙirga na'urorin ma'aikatun gwamnati da ba za su ɗauki Windows 11 ba, a gwada wannan tsari a ma'aikata ɗaya ko biyu, a gaya wa jama'a abin da aka gani, mai daɗi da mara daɗi. Muna kira ga makarantar da ake horar da ƴan jarida da masu fasahar rediyo, ta sa wannan darasi cikin karatunta, domin mai fasahar da za a tura rediyon ƙauye shi ne injiniya, shi ne mai gyara, babu wani bayansa. Masu gidajen rediyo da shugabannin makarantu su ware kwana biyu ko uku na horo ga ma'aikatansu, kuɗinsa bai kai na sabuwar na'ura guda ba. Masu gyara na Babbar Kasuwa da sauran unguwanni kuwa, su sani cewa wanda ya riga koyon wannan aiki shi zai riga cin kasuwarsa. A kuma yi bayanin da Hausa da Zabarmanci, a rediyo, yadda mai shagon buga takardu zai gane ba sai ya nemi tafinta ba.

A cikin waɗannan tsofaffin na'urori akwai takardun albashi, da sakamakon jarrabawar yara, da lissafin ƴan kasuwa, da muryoyin dattawa da mawaƙa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda in sun ɓace babu inda za a sake samo su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa masu iko su ji, mu kuma ya ba mu ikon gyara abin da ke hannunmu.